Gabas ɗin Inna

Asabar, 4 ga Safar 1440, bayan la'asar

Yau jan fentin ya iso bangonmu. Na dawo daga shagon abayar da nake aiki a unguwar Rusaifa, na tarar da shi a gefen ƙofa, kalma ɗaya da lamba a ƙarƙashinta: izala. Rusau ke nan. Tun bara ake cin wannan ɓangaren na unguwar Mansur layi-layi. Mun ga gemun maƙwabta ya kama da wuta, amma ruwan da muka shafa wa namu bai wuce faɗin "Allah Ya kyauta" ba. Sun ce ƙarshen wata za a yanke wuta da ruwa, daga nan sai katafila.

Ni kayana ba su cika akwati biyu ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ce abin ji. Na gaya mata ƙanwata Kausar ta ce mu komo wurinta a unguwar Sharayi'u, gidanta da fili, sai ta ci gaba da jan carbi kamar da bango nake magana. Can ta ce, "Wato a wuce Ɗakin Allah? Tun daga Kano nake fuskantar gabas, har na iso nan ban juya ba. Yanzu da furfurata za ku sa in ba gabas ƙeya?"

Ga Inna alƙibla ba ta da wani suna sai gabas. Kuma a nan gaskiyarta ce, Harami yana gabas da mu. Sharayi'u kuwa tana can ɗaya gefen, mutanenta yamma suke kallo in za su yi salla.

Da Hausa nake rubuta wannan, don Kausar ba ta iya karanta ta ba.

Lahadi, 5 ga Safar, da hantsi

Inna ta sake rufe wa autanta tuwo jiya. Da safe na juye a leda na kai wa kyanwoyin bayan gida, na wanke kwanon kafin ta tashi.

Talata, 7 ga Safar, bayan azahar

Kausar ta zo, muka yi ta juya maganar a kicin da murya ƙasa-ƙasa. Ta tuna min azumin bara da Inna ta kwana biyu a wurinta. Inna ba ta saba da ɗakin ba, ta rikice, ta bi inda rana ke fitowa ta tayar da salla, Ka'aba na bayanta. Jikoki suka yi dariya, ba da mugunta ba. Da ta gane abin da ya faru ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, tun daga ranar ba ta ƙara taka gidan ba. Kwanakin nan abubuwa na zame mata, amma wannan bai zame ba.

Ina tsaye a taga ina jin Kausar, idona ya sauka a kan motar Fahad, ƙanenmu, autan Inna. Tana nan inda ya bar ta, ƙura ta rufe gilashin. Mu wanet muke ce mata, Inna kuwa a-kori-kura, ko da ya sha gaya mata ta fi ƙarfin wannan sunan. A bayanta ga karafan ɗinsa, ɗaki ne sosai a kan taya, da taga da ƙofa da ɗan banɗaki, wanda yake ja zuwa jeji da abokansa lokacin sanyi.

Na ce wa Kausar ɗakin gini ba ya juyuwa, amma wancan yana juyuwa. In na jera wa Inna kayanta a ciki yadda suke a ɗakinta, gado a nan, darduma a can, sai mu ajiye shi a filin gidan Kausar, bangon da take fuskanta ya dubi Ka'aba. Ta shiga ta ga gabas ɗinta inda ta san shi. Kausar ta kalle ni ta ce da Larabci wa zai ja shi. Na ce ni. Ta ce, "Yaya, lasin ɗinki ko wata huɗu bai yi ba." Na ce na sani, ai ni na je na karɓo.

Inna ba ta shiga motar kowa sai ta Fahad, kuma ba za ta bari kayanta su yi gaba ita tana baya ba. To ina zaɓin yake?

Alhamis, 9 ga Safar, da walaha

Na buɗe motar. Kujerar tana can baya, daidai dogayen ƙafafunsa, takalmansa na masallaci a ƙarƙashi. Na zauna na daɗe, ƙafata ba ta kai birki ba. Ban ja kujerar ba, na fito na kulle.

Juma'a, 10 ga Safar, bayan la'asar

Malam Issoufou ya zo, abokin Fahad, mutumin Tawa, wanda suke zuwa jeji tare. Fenti ne aikin da ke kan iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ya ce in aka tare shi yana jan motar wani da ɗaki a baya, sai dai a ji labarinsa daga Nijar. Amma koyarwa zai koyar. Da ya ga motar ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyarawa. Ni ma na yi kamar ina neman abu a jaka.

Shi ya sa hannu ya ja kujerar gaba, bai tambaye ni ba. Na ji haushinsa, na kuma gode masa a raina.

Yau haɗa ɗakin da motar kawai muka yi. A bayan motar akwai dunƙulen ƙarfe kamar lemo, sai a yi ribas a hankali har ya zo ƙarƙashin bakin karafan, a sauke jak bakin ya hau kansa ya cije, a danna sakata a zura mata ƙusa. Sannan sarƙoƙi biyu, a gicciye ta ƙasa, don ko bakin ya kuɓuce ya faɗa a kansu, ba a kan kwalta ba. Sannan filogin fitila. Ya tsaya a baya yana kira, sigina dama, sigina hagu, birki, ni ina dannawa. Sau nawa na wuce dunƙulen, sau nawa na daki bakin, ban ƙirga ba. Maza biyu a shagon shayi suka juyo da kujerunsu don su ji daɗin kallo. Allah Ya ba su aikin yi.

Ya ce kullum kafin in tayar, in zagaya motar da ɗakin da ƙafata in taɓa kowane abu da hannu, ko da ni na ɗaura shi yanzu-yanzu. Na ce ko da ni na ɗaura? Ya ce, "Musamman in ke kika ɗaura, Hajiya."

Lahadi, 12 ga Safar, da safe

Masu rusau sun fara layin masu tsire. Ƙarar tana shigowa har ɗakin Inna, kwallayenta na rawa a kan kanta. Ta tambaye ni ko hadari ne. Na ce aiki ake yi.

Litinin, 13 ga Safar, kafin magariba

Mun fita da ɗakin karo na farko, ba kaya, zuwa wani fili da aka riga aka share, inda a da gidan su ƙawata Jawahir yake. Yanzu ba ko tubali. A kan tsakar gidansu na koyi shan kwana.

Abin da ban sani ba, ɗakin ba ya bin sawun motar, yankewa yake. In na sha kwana yadda na saba sai tayarsa ta hau dakalin titi. Sai an wuce gaba kamar an manta da kwanar, sannan a juya. Birki ma sai an fara shi tun daga nesa, don abin da ke baya turo ki yake. Duk wannan na ji, na kuma fara iyawa.

Ribas ne ya gagara. In ina son gindin ɗakin ya yi dama, sai in juya sitiyari hagu. Kaina ya sani, hannuna ya ƙi. Ɗakin ya lanƙwashe ya zo yana leƙa ni ta taga, Malam Issoufou yana dukan ƙarfe yana cewa in tsaya. Ya ce in riƙe sitiyarin ta ƙasa, duk inda nake son gindin ya je in kai hannuna can, kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Wanga abu ba shi son gaugawa. In ya karkace ki yi gaba ki miƙe, ba kunya ba ne."

Ƙofar gidan Kausar ƙarama ce, kuma da baya za a shiga in ana son bangon ya dubi inda ya kamata. Na auna ta da idona ranar da na je.

Laraba, 15 ga Safar, da rana

Ban iya cin abinci ba. Ina ninke abaya a shago hannuna yana juya sitiyari.

Alhamis, 16 ga Safar, bayan la'asar

Kausar ta kawo maganar sadakar rasuwar Fahad. Na ce ba yanzu ba. Ta ce har yaushe za mu ci gaba da ce wa Inna ya yi tafiya. Na ce ki bari mu fitar da ita daga gidan nan tukuna, abu ɗaya-ɗaya. Muka rabu ba daɗi.

Wani lokaci ina tambayar kaina ko wayo nake shirya wa uwata da ɗakin nan. Amma alƙiblar gaskiya za ta fuskanta, sunan ne kawai nata. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa yau, wataƙila shi ya sa ban yarda ba.

Asabar, 18 ga Safar, da hantsi

Abin mamaki, Inna ta so ɗakin. Na riƙe hannunta ta hau matakalar, ta shafa bangon, ta ce ɗaki mai ƙafa. Ta ce ƙamshin Fahad ke ciki. Na fita duba taya.

Da kanta ta zauna a kujera tana ba da umarni. Gado ta hannun dama, darduma a gaban taga, kwallaye a jere manya a ƙasa. Dutsen niƙan da ta taho da shi daga gida tana amarya, da turmi, da akwatin ƙarfe mai zannuwanta, duk a ƙurya, can ƙarshen ɗaki, don a nan suke a ɗakinta tun kafin a haife ni. Kayan daraja ba a ajiye su a bakin ƙofa. Na yi yadda ta ce, har na ji daɗi da na ga ɗakin ya fito sak.

Ban ce mata ina za a kai shi ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Lahadi, 19 ga Safar, bayan azahar

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Na ce wa Malam Issoufou mu gwada babban titi da kaya a ciki, ba a fafe gora ranar tafiya. Bai leƙa ɗakin ba, don ɗakin tsohuwa ne yanzu, ya ce ba ya shiga. Muka hau da'iri, titin da ya zagaye gari. Da farko lafiya. Na ɗan ƙara wuta, wata babbar mota ta wuce mu da iskarta, sai na ji bayan motar ya yi wani iri. Na duba madubi na ga ɗakin yana kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya. Motar kanta ta fara bin sa. Ƙafata ta tafi birki da kanta.

Ya ce, "Kar ki taka. Ɗaga ƙafa daga totur. Riƙe sitiyari miƙe, kar ki bi shi." Bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya miƙa hannu ya matsa ɗan abin nan na ƙarƙashin sitiyari da ke kama birkin ɗakin shi kaɗai. A hankali kaɗawar ta ragu, ta mutu. Na gangara gefen titi na kashe mota, na kifa kai.

Da ya buɗe ɗakin ya ga ƙurya, sai ya yi salati. Ya ce nauyi a bayan taya shi ke sa wutsiya ta kaɗa kare. Kaya masu nauyi gaban taya ake sa su, kusa da mota, a ƙasa, a ɗaure. Na ce haka Inna ta jera. Ya ce jeren zama daban, jeren tafiya daban.

Kwalla uku sun faɗo, ɗaya ta ɓare a baki. Muna tsaye a gefen titin motoci na wucewa da gudu, na ga yana kallon kwalta, na san Fahad yake tunawa, shi ma ya san na sani. Muka jawo dutsen gaba, mu biyu, muna nishi.

Litinin, 20 ga Safar, da asuba

Na bar tuƙin nan. Wallahi na bar shi. A nemo wani.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Wane wanin? Na koma fili. Na jera jarkoki biyu daidai faɗin ƙofar Kausar, na yi ta shiga tsakaninsu da baya. Na take ɗaya har ta fashe.

Laraba, 22 ga Safar, da walaha

Inna ta gano an taɓa mata dutse. Ta ce wa ya kai shi bakin ƙofa kamar kayan aro. Na ce in mun isa zai koma ƙuryarsa. Ta ce in mun isa ina? Na ce ana kira na a waya.

Ta kuma ce ita a cikin ɗakin za ta zauna ranar tafiya, a kan gadonta. Na ce ba a zama ciki yana tafiya, ko ni ba zan zauna ba, ba ɗamara, ba abin riƙewa. Ta ce Fahad zai bar ta. Na ce Fahad ma ba zai bar ki ba, a gaba za ki zauna kusa da direba, kamar matar gwamna. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Juma'a, 24 ga Safar, bayan an sauko

Yau na shiga tsakanin jarkokin ban taɓa ko ɗaya ba. Na sake, na taɓa. Na sake, ban taɓa ba. Malam Issoufou ya ce ya isa, wanda ya ƙoshi ba ya ƙara loma. Ya duba iskar tayoyi, ya ɗaura min dogayen madubai da ke hango har ƙarshen ɗakin, ya sa waigi biyu a bayan mota na tare taya in an tsaya. Ya ce gobe ba zai hau ba, wurin Inna ne, amma zai bi mu a baya a tasi.

Gidan da ke jikin namu ya tafi yau. Daga tagar kicin ina ganin har titi.

Asabar, 25 ga Safar, bayan isha

Mun iso. Bari in bi shi daki-daki, kar in manta.

Sai bayan la'asar muka tashi, don Inna ta ce sai ta share ɗakinta. Na ce rushe shi za a yi. Ta ce ba a barin ɗaki da datti. Na tsaya ta share. Sannan na zagaya motar na taɓa komai da hannuna, sakata, ƙusa, sarƙoƙi, filogi, ƙofar ɗaki, na ɗaura mata ɗamara, na yi bisimilla.

Na kama layin dama na bi shi kamar mai rakiyar amarya. Masu hon suka yi har suka gaji. Duk babbar motar da ta taho sai in ɗaga ƙafa in riƙe sitiyari, ɗakin ya ɗan motsa ya koma. Inna na zaune, hannunta a kan gwiwa, idonta a titi. Da hasumiyar agogon Harami ta koma gefenmu, sannan ta koma bayanmu, na saci kallonta. Ba ta waiwaya ba.

Hanyar gidan Kausar ta bi ta jikin doguwar katangar nan ta maƙabartar Sharayi'u. Na so in kauce mata, amma ɗaya hanyar kwanoninta matsattsu ne, ɗakin ba zai sha ba. Na kafa idona a madubi har muka wuce.

Ƙofar ta ci ni sau biyu. Na farko na karkace, na yi gaba na miƙe. Na biyu har na ji ƙarfe ya shafi ƙarfe. A na uku na riƙe sitiyarin ta ƙasa, na daina tunanin dama da hagu, na bi hannun Kausar a madubi, sai ga mu a ciki. Muka sa waigi, muka sauke jak. Malam Issoufou ya duba alƙibla a wayarsa, ya ce bangon ya zauna daidai. Muka mai da dutsen ƙurya.

Ana kiran magariba Inna ta yi alwala ta shiga. Na bi ta. Ta tsaya a kan dardumarta a gaban taga, inda ta saba, sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba duk makonnin nan. Labulen a buɗe yake. Rana ta faɗi a cikin tagar, jan sama ya cika ta, a gabas ɗin Inna.

Na yi sauri zan ja labulen, ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Bar shi. Mun wuce Ɗakin Allah ke nan."

Na ce e, Inna.

Ta daɗe tana kallon jan saman. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Katangar nan da muka bi, wadda kika ƙi kallo. A nan kuka sa shi?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce e.

"Ina aka juya fuskarsa?"

Na nuna tagar.

Ta ce, "Ina rufe tuwon ne don in na daina, sai ki gane na sani, ke kuma ga tuƙi a gabanki, ban so hankalinki ya rabu." Ta gyara mayafinta. "To in auta ya iya kallon nan, ni ma na iya. Tashi ki yi alwala, Saudat, lokaci na wucewa."

Na yi, na dawo na tsaya a gefenta. Muka yi salla labulen a buɗe.

Kausar ta aiko da abinci. Inna ta ɗebi nata, ta tura min sauran, ba ta nemi kwano na uku ba.